Duwatsun Belluno da daren Vajont: ƙaddara ce ko sakaci?

Lawwali Mafara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hoton nan na duwatsun Dolomiti na Italiya da na sa jiya, da kuka yi ta tambaya ko kwamfuta ce ta haɗa shi, wallahi da wayata na ɗauka a hanyar Agordo. Haka duwatsun nan suke yi duk ranar da gari ya washe. Da rana farare ne kamar an baɗe su da toka, amma da zarar rana ta sunkuya sai su fara ja daga sama, su koma kamar garwashin da aka hura, kafin ka gama kallo sun dushe. Mutanen wurin har suna suka raɗa wa abin, wai enrosadira.

Shekarata shida ke nan a lardin Belluno, kuma na lura ko a cikinmu da muke Italiya ba kowa ne ya san shi ba. Yana arewa maso gabas, a yankin Veneto, kusan kilomita 100 daga Venis, arewacinsa kuma ya taɓa Ostiriya. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 3,600, amma mutanen cikinsa ba su cika 200,000 ba. Ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta ninka su. Ina za su zauna? Dutse ne, daji ne, sai kwari. Kogin Piave ya ratsa lardin daga sama har ƙasa, garuruwa suna jere a bakinsa kamar 'ya'yan carbi a zare.

Ni a Longarone nake, ina aiki a masana'antar tabarau. Kuma ba hoton ne ya sa na buɗe maganar nan ba. Ranar 9 ga Oktoba ta matso, garin ya fara shirin tunawa da abin da ya same shi a 1963, ni kuma abin yana cina a rai kowace shekara.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Lawwali. Tubarkalla, Allah gwani. To wai me ya sa duwatsunsu farare ne? Namu na Rano da na hanyar Gusau ai baƙaƙe ne. Kuma yaya kake fama da sanyi?

Lawwali Mafara:
Hajiya sanyi kam sai addu'a. A Janairu tun kafin la'asar rana take ɓuya bayan dutse, ka fito aiki da asuba ka tarar gilashin mota ya daskare sai ka kankare. Maganar farin dutse kuwa Malam Isiyaku na nan, fanninsa ne.

Malam Isiyaku:
Hajiya, namu yawancinsu narkakken dutse ne da ya daskare a cikin ƙasa, daga baya zaizaya ta tono shi. Na wurin su Lawwali kuwa ƙasan teku ne. Kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce wurin ruwa ne mai ɗumi, marar zurfi, cike da murjani da ƙananan halittu masu ɓawo. Suna mutuwa ɓawonsu yana taruwa, wani kan wani, har ya dunƙule ya zama dutse. Da faifan ƙasar Afirka ya rinƙa tura na Turai, sai abin da ke ƙasa ya ɗago sama. Shi ya sa mai hawa dutsen yakan tsinci ɓawon katantanwar ruwa a tsayin mita 2,000 da wani abu.

Sunan Dolomiti daga wani Bafaranshe ne, Déodat de Dolomieu, wanda ya yi bayanin irin dutsen a 1791. Mafi tsawo a cikinsu Marmolada, mita 3,343, a kan iyakar Belluno da Trento. Akwai Antelao mai mita 3,264, da Civetta mai 3,220, da tsaunukan nan uku masu kama da haƙora da ake kira Tre Cime di Lavaredo. A 2009 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya.

Alhaji Garba:
Malam, ni fa wannan lissafi na miliyoyin shekaru ba ya shiga kaina. Wa ya ƙirga? Teku a kan dutse?

Malam Isiyaku:
Alhaji, ba sai ka je Italiya ba. Dutsen Kalambaina da ake yin simintin Sakkwato da shi, shi ma ƙasan teku ne, kuma ana samun ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Wanda ya halicci tekun shi ne ya ɗaga dutsen, mu dai karanta alamun da ya bari muke yi.

Mamman Tawa:
Gaskiyar Malam. Mu nan Adar yara suna tsinto irin waɗannan duwatsu masu siffar katantanwa a kan tudu, inda ko rijiya sai an sha wuya ake cin ruwa.

Zulaihat:
Yaya Lawwali sannu da aiki. Ina Padova ina karatu, kuma sau biyu muka je Cortina da 'yan ajinmu. Gaskiya wurin ya tsaru, ga tafkin Misurina can sama a tsayin mita 1,750 da 'yan kai, ruwan garau kana ganin dutsen a cikinsa. Amma tsadar garin ta ba ni tsoro, shayi kawai muka iya sha. Sai na ce to 'yan lardin da kansu da me suke rayuwa, baƙi kawai?

Lawwali Mafara:
Ƙanwata, Cortina daban, Belluno daban. Cortina garin masu hannu da shuni ne, ita ta karɓi wasannin Olamfik na lokacin sanyi a 1956, aka sake ba ta na 2026 tare da Milan. Sauran lardin kuwa talakawa ne da suka sha wuya kafin su ga daɗi. Gona ba ta da yawa, sai masara da wake da dankali. Abincinsu na gado polenta, wallahi tuwon masara ne sak, har muciyar ma iri ɗaya, sai dai su da cuku suke ci ba da miyar kuka ba. Suna da wake mai suna, na garin Lamon. Shanunsu kuma a watan Yuni ake kora su sama inda ciyawa ta fito, a Satumba a sauko da su, ana buki, an rataya musu ƙararrawa da furanni. Duk lokacin da na gani sai na tuna mashekari da dawowar Fulaninmu.

Da yake ƙasar ba ta iya ciyar da su, ci-rani ya zama gadonsu. Mutanen kwarin Zoldo da Cadore su ne suka kai sana'ar askirim Ostiriya da Jamus, su tafi da bazara su dawo da sanyi, har yau a nan Longarone ake baje kolin askirim na duniya duk shekara. Wasu suka tafi Barazil ba su dawo ba. Wasu aikin gini a Suwizalan, inda ƙanƙara ta rufta wa ma'aikatan dam na Mattmark a 1965 ta kashe mutum 88, 17 daga cikinsu 'yan Belluno. Tabarau ne ya tsayar da su a gida. An buɗe masana'anta ta farko a Calalzo a 1878, sannan Leonardo Del Vecchio ya kafa Luxottica a Agordo a 1961, wadda ta zama uwa a harkar a duniya. Tsofaffin da muke aiki tare sun san mene ne baƙunta, iyayensu sun yi ta.

Injiniya Bashir:
Lawwali ka ce Longarone, ka ce 1963. Ai Vajont ke nan. Duk wanda ya karanta aikin dam an koya masa wannan labari. Ba mu daga bakin wanda yake wurin.

Lawwali Mafara:
Injiniya, in ka tsaya a tsakiyar Longarone ka dubi gabas, akwai wani kwazazzabo matsattse tsakanin duwatsu biyu, kamar an tsaga da gatari. Can ciki za ka hango wani farin bango ya toshe tsagar. Shi ne dam ɗin Vajont, ana furta shi Vayont. Tsayinsa ya haura mita 261, lokacin da aka gama shi a 1960 yana cikin mafi tsawo a duniya. Shi kansa bangon a ƙasar Erto da Casso yake, cikin yankin Friuli mai maƙwabtaka, amma bakin kwazazzabon Longarone yake kallo.

Daren Laraba 9 ga Oktoba 1963, ƙarfe 10:39, gefen dutsen Toc da ke kudu da tafkin ya ɓalle gaba ɗaya. Faɗin abin da ya zame kusan kilomita 2, yawansa kimanin kubik mita miliyan 270, ya faɗa cikin ruwan da gudun da ya kai na mota a babbar hanya. Ruwa ya rasa wurin zama. Wani ya haura ya daki ƙauyukan da ke bakin tafkin, wani ya tsallake bangon ya faɗo cikin kwazazzabon. Minti huɗu ya ɗauka ya iso Longarone. A daren ana nuna ƙwallon Real Madrid da Rangers, maza da yawa suna shaguna suna kallo, mata da yara suna barci. Mutum 1,910 ake lissafawa sun mutu, kusan 1,450 daga Longarone kaɗai. Yara 487.

Bangon kuwa bai faɗi ba. Yana nan har gobe, ɗan bakinsa na sama kawai ruwan ya ɓantare. Bayansa inda tafki yake da, yanzu tudu ne, itatuwa sun fito a kai, har hanyar mota ta bi ta kansa.

Akwai wata tsohuwa a layinmu, tana 'yar shekara tara a lokacin, an kai ta kwana gidan gwaggonta a wani ƙauye da ke kan tudu. Ta ce min ba ruwan ta fara ji ba, iska ce, da wata ƙara kamar jiragen ƙasa da yawa sun taho tare, sai wuta ta ɗauke. Da gari ya waye suka leƙo, babu gari, sai fili fari na tsakuwa da laka, ko inda gidansu yake ba ta gane ba. Ba a ga gawar mahaifiyarta ba. Na je maƙabartar Fortogna, fararen duwatsu a jere iri ɗaya, kowane da suna, da yawa babu kowa a ƙarƙashi. A hanyar dam ɗin kuma an rataya ƙyallaye masu launi, kowane da sunan yaro da shekarunsa. Akwai waɗanda ba suna a kai, domin suna ciki ba a haife su ba. A nan na kasa ci gaba da karantawa.

Hajiya Rabi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikina ya yi sanyi. Na tuna shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, 1988, yadda aka kwana ana zullumi a Kano.

Alhaji Garba:
Allahu Akbar. Kwana ya ƙare. Wanda ajalinsa ya zo ko a kan gadonsa yake sai ya tafi. Ga yarinya an kai ta gidan gwaggo ta tsira, ga wani ƙila ya zo garin baƙunta a daren ya tafi. Ƙaddara ta riga fata.

Zulaihat:
Baba Alhaji, da girmanka, ni dai ban yarda a rufe maganar da ƙaddara ba. An sani. Mutanen Erto sun yi shekaru suna cewa dutsen nan yana motsi, gidajensu suna tsagewa, suna jin rugugi a ƙasa. Wata 'yar jarida 'yar lardin, Tina Merlin, ta rubuta haka a jaridar l'Unità a 1959. Me aka yi mata? Kotu aka kai ta, wai tana yaɗa labarin ƙarya mai tada hankalin jama'a. Kotun Milan ta wanke ta a 1960, amma ba a fasa cika tafkin ba.

Alhaji Garba:
'Yata, ai ko an sani ko ba a sani ba, abin da aka rubuta ba makawa.

Injiniya Bashir:
Alhaji bari in sa baki, domin wannan ɓangaren aikinmu ne, kuma kunya ce a kanmu. Bangon ba shi da laifi, Carlo Semenza ya zana shi da kyau, shaida ita ce ya jure nauyin da ya ninka wanda aka yi masa lissafi. Matsalar tana jikin dutsen. Can cikinsa akwai siraran shimfiɗu na yumɓu, kuma sun karkata zuwa wajen tafkin. Ka ɗauki faranti ka shafa masa sabulu, ka ɗora bulo a kai, ka karkata shi, sannan ka rinƙa zuba ruwa. Abin da aka yi ke nan.

Ga jerin abin da kamfanin SADE mai dam ɗin ya gani da idonsa. A Maris 1959 ƙasa ta zaftare cikin wani tafkinsu a Pontesei, nan kusa a kwarin Zoldo, igiyar ruwan ta tafi da ma'aikaci ɗaya. A shekarar dai ɗan mai zanen, Edoardo Semenza, masanin duwatsu, ya gano cewa gefen Toc tsohuwar zaftara ce da ta taɓa motsawa. A 1960 tsaga ta buɗe a jikin dutsen mai tsawon fiye da kilomita 2, kuma ranar 4 ga Nuwamba wani yanki mai kubik mita 700,000 ya faɗa ruwan. A 1961 suka haƙa rami ta ɗaya gefen, domin in dutsen ya faɗo ya raba tafkin biyu ruwa ya sami hanyar wucewa. Alhaji, wanda ya haƙa wannan rami ai ya san dutsen zai faɗo.

Abin da suka yi wa kansu huɗuba da shi shi ne zai sauko a hankali, kuma za su iya sarrafa shi da ɗaga ruwa da sauke shi. Gwajin da aka yi musu da ƙaramin samfuri ya ce in ruwan bai wuce tsayin mita 700 daga teku ba babu haɗari. A 1963 suka kai shi 710. Lokacin gwamnati ta karɓe harkar lantarki ta ba hukumarta mai suna ENEL, ana son a nuna tafkin yana aiki yadda aka tsara. Da dutsen ya ƙara sauri suka fara rage ruwa, amma bakin alƙalami ya bushe. A kwanakin ƙarshe yana tafiyar kusan santimita 20 a rana, itatuwa suna karkacewa ana gani. An ce wa masu gonaki a gefen Toc su tashi. Longarone ba wanda ya ce musu komai.

Malam Isiyaku:
Alhaji, ba mai musun ƙaddara a nan. Amma da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Imani da ƙaddara na wanda aka yi wa rashi ne, ya sami abin da zai riƙe zuciyarsa. Ba mayafi ba ne da mai laifi zai lulluɓa da shi. In direba ya san burkinsa ya lalace ya ɗebi fasinja, mamatan kwanansu ya ƙare, shi kuma haƙƙi yana wuyansa.

Alhaji Garba:
Malam na ji, kuma ban ce kada a hukunta mai laifi ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda 'yan boko kuke magana kamar in an bi lissafi ba abin da zai faru. Lawwali, a wannan ƙasa taku dutse bai taɓa faɗowa ba sai da aka gina dam?

Lawwali Mafara:
Ya taɓa, Alhaji, nan kam kana da gaskiya. Tafkin Alleghe da ake ta ɗaukar hotonsa a gindin Civetta, a Janairu 1771 aka same shi: dutsen Piz ya zaftare ya binne ƙauyuka da mutum kusan 50, ya toshe kogin Cordevole, ruwa ya taru. Ba injiniya ba kamfani. A Oktoba 2018 ina sabon zuwa guguwar Vaia ta kwantar da miliyoyin itatuwa a dare ɗaya, ka ga gefen dutse guda an kwantar kamar gero bayan an yi girbi. Ranar 3 ga Yuli 2022 kuma ƙanƙarar Marmolada ta ɓalle ta kashe masu hawa 11.

Amma ka ga bambancin, ba na jin mutanen nan suna fushi da Piz ko da Vaia. Vajont kuwa in ka kira shi bala'in da ya sauko daga sama a gaban tsoho ɗan Longarone, sai ransa ya ɓaci. Sun ce kashe su aka yi.

Alhaji Garba:
To kotu me ta ce?

Zulaihat:
A L'Aquila aka yi shari'ar, can nesa da masu haƙƙi, sai sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Hukuncin ƙarshe ya fito a 1971, ya tabbatar cewa abu ne da ake iya hangowa. Mutum biyu kacal aka samu da laifi, babban injiniyan kamfanin da wani jami'in ma'aikatar ayyuka, kuma ɗaurin 'yan shekaru ne, aka ma yafe mafi yawansa. Rai 1,910. A 2023 UNESCO ta sa takardun shari'ar cikin kundin abubuwan da duniya ba za ta manta ba.

Ni abin da na fahimta da na karanta tarihin lardin, Vajont ba shi ne farko ba. Tun da Belluno ta shiga hannun Venis a 1404, Cadore kuma a 1420, dutse ke bayarwa, birni ke ci. Katakon jiragen ruwan Venis da na gine-ginenta, da yawa daga nan ya tafi. Dajin Cansiglio ma ware shi aka yi domin sassaƙa sandunan tuƙa jirage. Da zamani ya canja, sai ruwan ya zama lantarkin masana'antun Marghera a bakin Venis. Wanda ya kafa SADE a 1905, Giuseppe Volpi, shi ne dai ya yi gwamnan mulkin mallaka a Tarabulus ta Libiya daga 1921 zuwa 1925. Ina ganin wanda ya saba kallon ƙasar mutane a matsayin rumbu ba zai ji kukan manomin Erto ba.

Injiniya Bashir:
Zulaihat, a nan zan ɗan ja da ke. Volpi ya mutu a 1947, shekara goma kafin a fara ginin. Kuma Italiya ta bayan yaƙi tana matuƙar bukatar wuta, ba ta da kwal ba ta da mai, ruwan dutse shi ne arzikinta. Ba na son mu fita daga nan da cewa dam mugun abu ne. Shekara ɗaya bayan Vajont, a 1964, haɗakar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ta fara gina mana Kainji, aka gama a 1968, har yau muna shan wutarsa. Ba su ne suka gina Vajont ba, kada a haɗa. Laifin Vajont a wurina ɗaya ne: an sami labari mai ɗaci, aka zaɓi a ɓoye shi saboda an riga an zuba kuɗi.

Zulaihat:
Na karɓi gyara kan shekarun, Injiniya. Amma tsarin dam ɗin tun yana raye aka fara neman izininsa, kuma halin kamfani ba ya mutuwa da mai shi.

Lawwali Mafara:
Maganar katako da Zulaihat ta yi, tsallaken kogi daga inda nake akwai ƙauyen Codissago, garin masu gadon fito. Su ne suke ɗaure gumagumai su hau kai su bi Piave har Venis, sannan su dawo gida a ƙasa. Akwai ɗan gidan tarihinsu a wurin. Shi ma ƙauyen ruwan 1963 ya taɓa shi.

Ni kuma ɗan Talata Mafara ne, na tashi ina jin labarin Bakolori a bakin manya, yadda manoma suka tare hanya a 1980 kan diyyar gonakinsu aka buɗe musu wuta. Shi ya sa ranar da tsohuwar nan ta ce min su ba wanda ya tambaye su, sai na ji kamar a ƙofar gidanmu nake zaune.

Mamman Tawa:
Allah ya jiƙan musulmin da suka riga mu, ya ba kowa haƙuri. Lawwali wata tambaya daban. Wani abokina direba ya ce a wajen Cortina ya ji suna wani yare da ba Italiyanci ba, kuma ya ga ramuka a jikin dutse kamar gidan gara.

Lawwali Mafara:
Ladin ke nan, yare ne mai zaman kansa. Cortina da Livinallongo da Colle Santa Lucia ƙasar Ostiriya ce har 1918, alhali sauran lardin ya shiga Italiya tun 1866. A 2007 ma garuruwan uku sun yi ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi komawa lardin Bolzano, amma har yanzu suna Belluno.

Ramukan kuwa na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Daga 1915 zuwa 1917 a kan waɗannan duwatsu aka ja daga. Da kowa ya kasa hawa ya kori wani, sai suka koma haƙa ta ƙasa suna cusa nakiya. A Afrilu 1916 Italiyawa suka tashi ƙoƙon dutsen Col di Lana da sojojin Ostiriya a kai. A Marmolada 'yan Ostiriya cikin ƙanƙarar kanta suka haƙa hanyoyi da ɗakunan kwana. Na shiga ramin Lagazuoi bara da rani, da fitila a goshi. Duhu, ruwa yana ɗiga, matakala tana santsi, ga sanyi a watan Agusta har yatsuna suka ƙage a jikin igiyar ƙarfen da ake riƙewa. Can sai ka iso wata 'yar taga da suka fasa domin bindiga, ka leƙa ka ga duniya a ƙasa kore shar. Yara 'yan shekara ashirin suka yi sanyi biyu a ciki. Bayan an karya Italiya a Caporetto a Oktoba 1917, sojojin Ostiriya da Jamus suka mamaye lardin shekara guda, suka kwashe shanu da hatsi har da ƙararrawar coci. Har yau shekarar yunwa suke kiran ta.

Hajiya Rabi:
Ikon Allah. Mu muna ganin hoto muna cewa sun huta. Lawwali, tsohuwar nan tana da mai kula da ita?

Lawwali Mafara:
Tana da ɗa a Jamus, yana sana'ar askirim, sai da sanyi yake zuwa. Nakan ɗauko mata itacen hura wuta in hau mata da shi bene. Ranar 9 ga wata za ta je Fortogna da yamma, da dare kuma ƙarfe 10:39 za a kaɗa ƙararrawa, kowa ya yi shiru.

Alhaji Garba:
Ka kyauta, maƙwabci yana da haƙƙi ko ba addininku ɗaya ba. Injiniya, ni yanzu tambayata gare ka ce. Namu na gida, Tiga da Goronyo da su Alau da ya cinye Maiduguri a 2024, in wani ya ga tsaga, wa zai gaya wa, kuma wa zai ji?

Injiniya Bashir:
Alhaji wannan tambaya tana son zama na musamman. Zan buɗe mata wuri daban in an jima, domin akwai abin da nake son in nuna muku kan yadda ake auna motsin bango da tsiyayar ruwa.

Zulaihat:
Yaya Lawwali, ina son in zo ranar Lahadi in ga wurin da idona. Ta ina zan bi?

Lawwali Mafara:
Ki hau jirgin ƙasa daga Padova zuwa Belluno, kamar awa biyu ne, daga nan ki nemi mai zuwa Calalzo ki sauka a tashar Longarone. Ni da maiɗakina za mu tare ki, daga gari zuwa dam ɗin minti goma sha biyar ne a mota. Ki zo da rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe, iskar kwazazzabon ba irin ta Padova ba ce.